Falalu Hana-Allura

Malam Falalu ɗan Gwiwa ne. Mahaifinsa malamin hakimi ne, mai rubuta wasiƙu da ajami da boko, shi ya sa da aka zo neman yaran da za a kai elemantare a Kazaure bai ɓoye ɗansa ba kamar yadda wasu suka yi. Falalu ya yi karatun da ya samu, aka tura shi Kano ya koyi aikin ba da magani, ya dawo da farar riga da ɗan akwatin ƙarfe mai sirinji biyu a ciki. Saura shekara biyu a sami mulkin kai aka ba shi ɗakin shan magani a wani ƙauye kusa da garinsu. Ɗaki ne guda na ƙasa mai rufin kwano, da rumfar zana inda marasa lafiya ke jira.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin magana, mai son raha. A wancan lokaci babu wanda ake so a ƙauyen kamarsa, dalili kuwa fenisilin. Sabuwar allura ce a wurin mutanen karkara, kuma aikin da take yi abin mamaki ne. Mutum ya zo da gyambon da ya daɗe a ƙafarsa, a yi masa allura 'yan kwanaki, gyambo ya kame. A kawo tsoho a kan jaki, haƙarƙarinsa na suka, numfashi da ƙyar, bayan mako guda ka gan shi a gona. Falalu ya ga wannan da idonsa, ya yarda da ita fiye da kowa. Mai mura allura, mai ciwon kai allura, wanda noma ya gajiyar shi ma allura. In kwalaben da aka aiko suka kusa ƙarewa wata bai ƙare ba, sai ya raba kwalba guda, wadda aka yi don mutum ɗaya, ga mutum uku, don kada kowa ya koma gida ransa a ɓace. Ana kawo masa ƙwan zabi da nono da gyaɗa. Har akwai waɗanda suka sa wa 'ya'yansu sunansa.

A gidansa ma haka abin yake. Matarsa Asma'u in ta yi atishawa sau biyu sai ya ɗora sirinji a kan risho ya tafasa. Ita kuwa tana ganin gata ne, don matan unguwa sai sun yi layi kafin su samu.

Shekara takwas yana wannan aiki Asma'u ta haifi ɗansu na uku. Ba a yi arba'in ba nononta na hagu ya kumbura, ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta. Falalu bai damu ba. Ya ga irin wannan sau da yawa, ya san maganinsa. Ya yi mata allura safe da yamma, cikakkiya, ba rabawa. Kwana uku babu sauƙi. Ya ƙara yawanta. A kwana na shida Asma'u ba ta gane mutane, tana kiran mahaifiyarta da ta rasu tun tana yarinya. Ya shimfiɗa mata tabarma a bayan wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, suka nufi Kano.

A asibiti aka tsaga wurin, aka ɗebi mugunya aka kai ɗakin awo. Bayan kwana biyu wani dattijo mai aiki a can, Malam Sama'ilu, ya ji cewa mijin matar malamin asibiti ne, ya aika aka kira shi. Ya ɗauko wani ɗan farantin gilashi mai murfi ya ɗaga shi wajen taga.

"Ka taɓa ganin wannan?"

"A'a, Malam. An dai faɗa mana a makaranta."

"To duba. Wannan abu mai kama da hunhuna da ya rufe farantin, ƙwayoyin cutar da ke jikin matarka ne, mun shuka su sun tsiro. Waɗannan 'yan takardu zagayayyu da na ɗora a kai, kowace da maganin da ke jikinta. Ka ga wannan? Ka ga yadda kewayenta ya yi fes, babu abin da ya tsiro? Cutar na tsoron wannan maganin. Yanzu dubi wannan."

Falalu ya duba. Hunhunar ta tsiro har ta taɓa takardar, kamar babu komai a wurin.

"Wannan wane magani ne?"

"Fenisilin ɗinka ke nan."

Falalu ya ce ba zai yiwu ba, wataƙila takardar ce ta lalace. Malam Sama'ilu ya buɗe wata durowa ya nuna masa wasu farantan, na mutane dabam dabam, da yawansu haka suke.

Ya ce, "Da na fara aikin nan da wuya ka ga irin wannan. Yanzu kullum sai na gani. Cuta ma tana koyo, ɗana. In ka ba ta magani kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba, ko ka yi ta ba mutum alhali babu abin da za a kashe, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Sau nawa ka taɓa yi wa matarka wannan allura?"

Falalu bai san adadin ba.

"Ban ce kai ka jawo mata ba. Mai yiwuwa daga jikin wani ta ɗauko. Amma shi wannan wanin, wa ya yi masa rabin kwalba?"

Asma'u ta rayu. Aka ba ta wancan maganin da cutar ke tsoro, ta yi sati uku a kwance. Amma ruwan nononta ya ƙafe, sai ƙanwarta ce ta shayar da jaririn, kuma tabon yankan ya zauna mata har tsufa.

Ranar da Falalu ya sake buɗe ɗakin shan magani, mutum wajen talatin ke jira a rumfa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya saurari ƙirjinsu, ya leƙa maƙogwaronsu. Huɗu kawai ya yi wa allura, kuma ya ce musu kullum za su dawo har kwana bakwai, wanda ya san ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu. Sauran ya ba su ƙwayar ciwon kai ko ta zazzaɓin sauro, wasu ma ya ce su je su sha ruwan ɗumi su kwanta. Rumfa ta ɗauki surutu. Wata tsohuwa ta ce tun da asuba ta taso daga ƙauyensu a ƙasa, ba za ta koma da ƙwaya biyu kamar kaza ba. Wani ya ce ai sayar da allurar yake yi a Kano, shi ya sa ya daɗe a can. Kafin damina ta wuce ƙwan zabi ya daina zuwa, kuma sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa ya fito: Hana-Allura. Yara na rera shi in ya wuce a kan keke. Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu kamar kirari suke yi masa.

Asma'u ta taɓa ce masa, "Malam, ko gidan suna na je sai a yi ta yi mini habaici. Ba za ka ɗan sassauta ba?"

Ya ce, "In na sassauta wa ɗaya, gobe me zan ce wa na biyu? Ki bar su. Bakinsu zai gaji."

Bakinsu bai gaji ba, amma shi ma bai gaji ba.

Bayan yaƙin basasa aka mayar da shi wani babban ƙauye a gefen Achilafiya. Yana nan ƙasa ta shiga arzikin man fetur. Aka rushe ɗakin ƙasa aka gina na siminti, magani ya riƙa zuwa kwali kwali, har babu wurin ajiyewa. A kasuwa ma haka. Duk wanda ya je cin kasuwar Babura zai ga kafso mai ja da rawaya a baje a faifai kusa da goro, ana sayar da shi ɗaya ɗaya, da naira ko da sefa. Masu allura a kan keke suna bin ƙauyuka da rugage, sirinji guda a aljihu, su soki mutum ta cikin wando ya biya ya tafi yana jin daɗi.

Babban mutum a ƙauyen shi ne Alhaji Daudu, dillalin shanu da hatsi, wanda ya fara sayen babur a duk yankin. Malamin da Falalu ya gada ya saba masa da allura duk ranar da zai tafi kasuwar Babura, wai don ƙarfin jiki. Makon farko da zuwan Falalu sai ga shi da mutanensa biyu. Bai tsaya a rumfa ba, ya shige ciki ya fara kwance mazagi.

"Alhaji, barka da zuwa. Me ke damunka?"

"Babu komai, alhamdu lillahi. Ta kasuwa za ka yi mini."

"In babu komai, ai babu abin da zan yi."

Alhaji Daudu ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga Falalu ya koma ya zauna, sai fuskarsa ta canja.

"Malam Falalu, hala ba a gaya maka ko ni wane ne ba. Kwanon da ke kan rumfar nan ni na saya."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ranar da ciwo ya kama ka, Allah ya kiyaye, ko kana bakin iyaka ka aiko, zan zo da kaina. Amma lafiyayyen mutum ba na soka masa allura."

"Maganin na ubanka ne?"

"Da na ubana ne da na ba ka, in ya ƙare shi ke nan. Na duk mutanen da ke zaune a waje ne, da waɗanda ba a haifa ba tukuna."

Alhaji ya ɗaure wandonsa ya fita, ya bar ƙofar a buɗe. Daga ranar bai ƙara amsa sallamar Falalu ba, ko a masallaci.

A shekarar da ta biyo baya gwamnati ta turo wa yankin likita, saurayi ne sabon fitowa daga jami'a, sunansa Muhammadu Lawal. Yana zagaya ɗakunan shan magani a mota, kowane wuri sau ɗaya a wata. Ba malalaci ba ne, ba shi da girman kai, kuma yana da hannu a aikin tiyata. Ranar da zai zo mutane kan cika rumfa har su malala gindin bishiya. Yakan ga mutum tamanin kafin azahar. Alƙalaminsa ba ya tsayawa: allurar fenisilin kwana uku, kafso, wani lokaci da wani kafson a kai. Ya rubuta, mutum ya kai wa Falalu takarda, Falalu ya ba da magani. Haka tsarin yake.

Zuwansa na farko Falalu ya yi abin da aka rubuta, ya koma gida bai iya cin tuwo ba. A zuwa na biyu ya tara takardu goma sha ɗaya, ya ce masu su su jira, ya shiga wurin likita ya rufe ƙofa.

"Likita, ranka ya daɗe, waɗannan mura ce ke damunsu. Na san su, na duba su jiya. Wannan kuma ciwon baya ne na noma."

Likita ya ɗago kai. "Malam Falalu, ni na rubuta, kai ka bayar. Ko an canja dokar ne ban sani ba?"

"Ba a canja ba. Shi ya sa na kawo maka su a hannunka, ban yaga a bayan idonka ba."

Ya ba shi labarin farantin gilashi. Likita ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye alƙalami.

"Na san wannan, an koya mana, har jarrabawa na rubuta a kai. Amma wannan damuwar manyan asibitoci ce, inda magani ya yi yawa. Nan mutane rashin magani ke kashe su. Ina da minti uku a kan kowane mutum, ba ni da ɗakin awo, ba ni da hoton ƙirji. In na ce mura ce, ashe ciwon huhu ne ke farawa, sai bayan wata guda zan dawo, in tarar an binne shi. Kuma in na hana shi, ina za shi? Wurin mai keke, da allurar da ba a tafasa ba. Gara ya samu a hannuna."

Falalu ya ce, "Maganarka akwai gaskiya a ciki. Amma kai wata wata kake zuwa, ni kullum ina nan. Wanda kake shakka a kansa ka bar mini shi, in duba shi gobe da jibi. Kuma in har za a ba mutum, a ba shi na kwana bakwai ya ƙare, ba na kwana uku ba. Mai keke yana kallonmu, Likita. Abin da ya ga muna yi shi yake kwaikwayo. In mu da muka yi karatu muna soka wa mai mura, da wane baki za mu hana shi?"

"Za ka ba su ko ba za ka ba su ba?"

"Ba zan ba su ba. Ga mabuɗin kabad. In ka ga dama ka ba su da hannunka, ba zan tare ka ba."

Likita ya karɓi mabuɗin, ya fita da kansa ya yi wa mutum goma sha ɗayan allura, jama'a na kallo. Kafin magariba labari ya kai ko'ina, cewa likitan gaske ya kunyata Hana-Allura.

Haka suka yi ta yi wata bayan wata. Suna gaisawa da mutunci, suna cin abinci a kwano ɗaya in Asma'u ta aiko, amma duk zuwa sai an ware wasu takardu, likita ya ba da maganinsu da kansa.

Sai maganar Lado ta faru. Lado Bafulatani ne makiyayi, magidanci, rugarsu na yamma da ƙauyen. Ya zo wata Talata yana tari, jikinsa da ɗan zafi. Falalu ya saurari ƙirjinsa bai ji komai ba. Ya ba shi ƙwayar zazzaɓi ya ce ya dawo jibi, ko gobe in abin ya ƙaru. Lado ya ce to. Abin da bai faɗa ba, kuma Falalu bai tambaya ba, shi ne washegari za su tashi da shanu su yi arewa. Jibi ta zo babu Lado. Falalu ya ɗauka ya warke.

Bayan kwana tara 'yan'uwansa suka dawo da shi a kan amalanke, ƙirjinsa ya tara ruwa, ba ya iya kwanciya sai a zaune. Aka yi sa'a ranar zuwan likita ce. Likita ya sa shi a motarsa ya kai shi asibiti, ya zuƙe ruwan, ya yi jinyarsa wata guda. Lado ya tashi, amma bai ƙara iya bin shanu nesa ba. In ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya dafa sanda yana haki.

Falalu ya hau keke ya je rugar. Ya tsuguna a gaban Lado da iyayensa ya ce, "Ni na yi kuskure. Ya kamata in tambaye ka ko kana nan jibi. Ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Lado ya ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta ne." Amma mahaifiyarsa ta juya wa Falalu baya har ya tafi.

Alhaji Daudu bai bar wannan dama ta wuce ba. Ya sa aka rubuta takardar ƙara, mutum arba'in da wani abu suka dangwala hannu, aka kai Kazaure. Aka kira Falalu gaban manyansa na aikin lafiya. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiya dattijo ne da ya san mahaifinsa. Likita Muhammadu Lawal na zaune a gefe. Da aka tambaye shi, ya faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, har ya ƙara da cewa a duk yankin babu ɗakin shan magani mai tsabtar na Falalu, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Dattijon ya turo wata takarda. "Falalu, ba ma son mu ɓata maka aiki. Ka sa hannu a nan, cewa daga yau duk abin da likita ya rubuta za ka bayar, kuma ba za ka mayar da mai neman allura hannu wofi ba. Shi ke nan, ka koma bakin aikinka."

Falalu ya karanta takardar har ƙasa, ya mayar da ita a hankali.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

"Ko bayan abin da ya sami Bafulatanin nan?"

"Abin da ya sami Lado laifina ne, na faɗa a gaban uwarsa, ina kuma faɗa a nan. Amma laifina shi ne ban bi sawunsa ba. Daga ranar duk wanda na sallama ba allura sai na tambayi inda zai kwana jibi, in bai zo ba ni nake zuwa. Wannan na gyara. Amma a ce don na yi kuskure a kan mutum ɗaya in koma soka wa mutum ɗari da ba sa bukata, wannan ba gyara ba ne. Na yi haka shekara takwas, ranka ya daɗe. Kowa na sona a lokacin, babu wanda ya kawo ƙarata. Kuma a lokacin ne na fi yin ɓarna."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai ka fi likita sani ke nan?"

"Ban fi shi sani ba. Abin da na sani shi ma ya sani, ga shi nan ku tambaye shi. Bambancinmu, shi yana tsoron wanda zai mutu a wannan watan, ni ina tsoron wannan, ina kuma tsoron ranar da za a kawo mini yaro haƙarƙarinsa na suka, in yi masa allura ta zama kamar ruwa na zuba masa. Na taɓa tsayawa a kan matata ina kallon haka."

Dattijon ya ce, "Ka san za mu iya sallamarka?"

"Na sani. Gonar mahaifina na nan a Gwiwa."

Aka ce ya jira a waje. Ba su sallame shi ba. Bayan sati biyu takarda ta zo, an mayar da shi wani ɗan ƙauye a bayan duwatsun Roni, inda mota ba ta shiga da damina, kuma babu likitan da ke zuwa. Kowa ya san horo ne. Asma'u ta yi kuka, don an raba ta da 'yan'uwa da kasuwa. Ranar da suke ɗora kaya a mota mutum biyar ne kawai suka zo sallama.

A can ya yi sauran shekarunsa na aiki. Shekara biyun farko irin ta ko'ina ce: gunaguni, da zargi, da masu wucewa ta ƙofarsa su tafi neman mai keke. Bai roƙi kowa ba. Wanda ya kamata a yi wa allura yana yi masa, kwana bakwai cur, in bai zo ba ya ɗauki akwatinsa ya bi shi gona. Kafso kuwa ba ya ba mutum ya tafi da shi gida, don ya san zai sha biyu ya ji sauƙi ya raba wa maƙwabta sauran, ko ya fasa ya barbaɗa wa akuya a ciwo. Sai dai ka zo ka haɗiye a gabansa. Tayar kekensa ta yi ta fashewa a kan duwatsu har ya koyi faci da kansa. A hankali wasu suka saba. Matan ƙauyen ne suka fara, don sun lura in ya ce yaro zai warke ba allura yakan warke, in kuma ya ce a yi maza, to a yi maza. Wasu kuwa har ya bar garin ba su taɓa taka ɗakinsa ba.

Ana saura 'yan watanni ya yi ritaya, wata rana da hantsi sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar ɗakin shan magani. Likita Muhammadu Lawal ne, ya yi ƙiba, ya bar aikin gwamnati ya buɗe asibitin kansa a Kano. Suka gaisa kamar 'yan'uwa, Falalu ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo fura.

Likita ya ce, "Malam Falalu, wurinka na zo. Ina neman wanda zai riƙe mini ɗakin magani, wanda ba zai yi mini sata ba. Na duba duk waɗanda na sani, kai kaɗai ne. Akwai gida, yaranka su yi makaranta a birni."

"Na gode, Likita. In ka rubuta abin da ban yarda da shi ba fa?"

Likita ya yi dariya. "Har yanzu kana nan."

"Ina nan. Fenisilin fa, yaya take yi muku a birni?"

Likita ya ɗan juya ludayi a cikin fura. "Akwai cututtukan da ba ta yi musu kamar da. Masu ciwon sanyi, a da allura guda ta isa, yanzu wasu sai ka ninka, wasu ko ka ninka a banza. Amma an kawo sababbi, masu ƙarfi. Da su muke aiki."

"Kuna ba mai mura?"

"In ban ba shi ba asibitin gaba zai tafi, Malam Falalu. Mutum ya biya kuɗin ganin likita, ba zai yarda ya fita da ƙwayar ciwon kai ba."

"In sababbin suka bi sawun tsohuwar fa?"

"Sai a ƙera wasu. Masu ƙerawa ba barci suke yi ba."

Falalu ya girgiza kai. "To, Allah ya sa. Amma ka nemi wani, Likita. In na zo, sati ba zai cika ba za mu ɓata, kuma ba na son mu ɓata. Kai ka ceci Lado, ban manta ba."

Likita ya yi ta lallashi har rana ta take, bai samu ba. Da zai tafi Falalu ya sa aka saka masa buhun gero da zabi biyu a bayan mota, ya raka shi har inda hanya ta fita daga cikin duwatsu, ya nuna wa direba inda zai kauce wa yashi.

Da ya yi ritaya ya koma Gwiwa ya kama noma. Mutane biyu suka zo a lokuta dabam suna son ya ba su aron sunansa da takardarsa su buɗe kantin magani a kasuwa, shi yana gida ana kawo masa rabonsa. Na farko ya ba shi haƙuri. Na biyu, da ya matsa, sai Falalu ya tashi ya naɗe tabarmar da suke zaune a kai. Ya yi shekara goma sha huɗu yana noman gero da wake, yana kiwon tumaki a bayan gida. Ya rasu da kaka, bayan an gama shigar da amfanin gona, Asma'u da 'ya'yansu biyar suna kusa da shi.